Sauƙaƙa Canjin Ruwa ga Mai Kiwon Kifi a Gida

 

Maganarmu ta yau a kan ruwan kifi take, wato kifin da mutum ya ajiye a gidansa cikin tankin siminti ko na roba, yana ciyar da shi safe da yamma, yana fatan ranar da zai ci da iyalinsa ko ya kai kasuwa. Mun saba da kifin da ake kamowa a tafkunan Gidimuni da Lasuri da Madarunfa, mun kuma saba da bandar da ake kawo mana daga tafkin Cadi. Amma kiwon tarwada a bayan ɗaki sana'a ce sabuwa a wurinmu, kuma duk wanda ya shige ta, komai ƙwazonsa, ba ya daɗewa sai ya gane cewa wahalarta mafi girma, bayan tsadar abinci, ita ce canjin ruwa. To, ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Aikin da ya yi wa mutum nauyi, jinkirta shi yake yi. Ruwan kifi kuwa ba ya karɓar jinkiri. Saboda haka a gina wurin kifi yadda canjin ruwansa zai zo da sauƙi, tun kafin a sayo ɗan kifi ko guda.

Za mu fara da dalilin da ya sa ruwan ke ɓaci. Daga nan mu leƙa wata ƙasa mai nisa, mu ga dabarar masu ajiye kifin teku a cikin ɗakunansu. Sa'an nan mu komo gida, inda za mu fi daɗewa.

Kashi na farko ke nan: me ke ɓata ruwan kifi?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki Ishmawi ko Risala, ya san cewa fukaha'u na mazhabarmu ta Malikiyya suna duba ruwa ta siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma da jirkicewar ɗaya daga cikinsu ne suke gane cewa wani abu ya shige shi. Mai kiwon kifi ma yana da rabo a cikin wannan tarbiyya, ko da yake ba na ce kowa ya ɗanɗana ruwan tankinsa ba. Ya duba launi, ya shinshina wari. In ruwan ya yi baƙi-baƙi, ko kumfa ta kwanta a kansa ta ƙi fashewa, ko ya tashi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, to an riga an makara. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan abin da ya tsamar da shi sananne ne.

Kifi yana ci a cikin ruwan, yana kashi a cikinsa, yana numfashi a cikinsa. Abincin da kuka watsa masa, ba dukansa ke zama tsoka ba. Wani ya nutse ƙasa ya ruɓe, wani ya fita kashi, wani kuma jikin kifin ya sarrafa shi ya fitar da ragowarsa ta matsatsin nan ja da ke gefen kansa, inda yake shaƙar iska. Wannan ragowar ita masana ke kira amoniya. Amoniya, wato sinadarin nan mai hawa hanci da kuke ji a turken awaki in fitsari ya kwana. Ku riƙe sunan, don za mu yi ta komawa kansa: amoniya. Masana kiwon kifi sun ƙiyasta cewa kowane kilo guda na abincin kifi mai ƙarfi yana barin kimanin giram 30 na amoniya a cikin ruwa, alhali ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona matsatsin kifi, ya hana shi cin abinci, ya tsayar da girmansa. Babban haɗarinta kuwa shi ne tana fara cutarwa tun ruwan yana garau, ido bai ga komai ba, hanci bai ji komai ba.

A nan akwai abu biyu da suka shafe mu musamman, mu mutanen yankin Damagaram. Dafin amoniya yana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, yana kuma ƙaruwa in ruwan mai kanwa-kanwa ne. Mu kuwa muna da bazarar Afrilu da Mayu, muna kuma da rijiyoyin da kowa ya san ruwansu da ɗanɗanon kanwa. Bugu da ƙari, ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa, wadda ake kira oksijin, kamar yadda mai sanyi ke riƙewa. Ashe ke nan tankin da ya zauna lafiya cikin sanyin Janairu yana iya zama kurkuku ga kifinsa cikin zafin Afrilu, ba tare da mai shi ya sake komai a cikin al'adarsa ba.

Na sha jin ana cewa ai tarwada ba ta mutuwa, tun da tana rayuwa cikin taɓo. Gaskiya ne Allah Ya hore mata wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure abin da karfasa ba ta jurewa. Amma jurewa daban, ƙoshin lafiya daban. In kuka ga tarwada ta rataye a saman ruwa tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ko ta ƙi kula abinci, ko gashin bakinta ya fara ja yana gutsurewa, to tana shaida muku halin da take ciki da iyakar harshen da take da shi. Kuma kada mu manta, dabbar da mutum ya tsare amana ce a wuyansa. Hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, sananne ne ga kowa. Kifin tafki yana da inda zai gudu in wani gefe ya ɓaci. Na tanki ba shi da ko'ina.

Yanzu sai kashi na biyu. Mu tafi ƙasashen da ake ajiye kifin teku don ƙawa.

Tsakaninmu da teku akwai nisan kusan kilomita 1000, kuma ba ina ba kowa shawarar ya nemi kifin teku ya ajiye a Takieta ba ne. Dalilin da ya sa na kawo zancensu shi ne, su waɗannan mutane kifinsu ya fi namu rauni nesa ba kusa ba, ruwansu kuma ya fi namu tsada, don haka larura ta tilasta musu yin zurfin tunani a kan canjin ruwa, har suka fitar da dabarun da mu ma za mu amfana da su. Abin ya samo asali tun tuni. A shekarar 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na birnin Landan, a Ingila, kuma a 1854 wani masanin halittu mai suna Philip Henry Gosse ya wallafa yadda za a haɗa ruwan teku da hannu, daga ruwan daɗi da gishiri iri-iri, saboda waɗanda ke nesa da gaɓa. Har yau haka ake yi. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma gishirin na musamman ne, ba irin na miya ba. Wanda zai canza lita 20 sai ya auna giram 700, ya dama, ya bar shi ya kwana yana motsawa, ya tabbatar ɗuminsa da gishirinsa sun yi daidai da na tankin, kafin ya zuba. Yawancinsu sukan canza kashi ɗaya cikin goma ko cikin biyar, bayan mako guda ko biyu.

Ga yadda suka tsara abin. Akwatin gilashin da kifi ke ciki yana bisa kabad. A cikin kabad ɗin, a ɓoye, akwai akwati na biyu, wanda za mu kira matarar ƙasa. Matarar ƙasa, wato inda ruwa ke sauka ya taru kafin a mai da shi sama. Ruwan akwatin sama yana malala ta wani baki, ya bi bututu ya gangara cikin matarar, ya ratsa matata, sa'an nan ɗan injin tura ruwa ya mai da shi wurin kifi. Haka yake ta kewayawa dare da rana. A cikin matatar nan ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, suke zaune a jikin duwatsu, suna cin amoniya su juya ta zuwa nitirit, wanda shi ma dafi ne, wasu kuma su juya nitirit zuwa nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce in bai yi yawa ba. Wani masani haifaffen birnin Kiyef, Sergei Winogradsky, shi ya bayyana aikin waɗannan ƙwayoyi a wajajen 1890. Sai dai nitirat ɗin taruwa yake yi, kuma canjin ruwa ne ke rage shi. Ko mai matata bai kuɓuta daga canjin ruwa ba. Sauƙi kawai ya samu.

Ranar canji, mai hankali a cikinsu ba ya taɓa akwatin kifi sam. Yana kashe injin, ya jira ruwan da ke cikin bututu ya gama gangarowa matarar, wadda tun farko ya bar mata sarari don kada ta cika ta malale masa ɗaki. A jikin matarar ya riga ya ja layi biyu da alƙalami, na sama da na ƙasa, tazararsu daidai da ruwan da yake son canzawa. Sai ya buɗe makunni, tsohon ruwa ya bi tiyo ya fita har ya sauka layin ƙasa. Ya rufe. Ya buɗe na durowar da sabon ruwa ya kwana a ciki, har ya hau layin sama. Ya rufe, ya tada inji. Bai ɗaga bokiti ba, bai auna komai a ranar ba, kifinsa kuma bai ko san an yi ba.

Akwai wata ƙa'ida tasu da nake so ku saurara da kyau. In ruwan tanki ya ragu saboda zafi ya shanye shi, da ruwan daɗi zalla suke cikawa, ba da na gishiri ba, domin ruwa ne ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan inda yake. Mutanen Bilma da Fashi da na ƙasar Manga sun san haka tun kaka da kakanni, ta haka suke fitar da gishirin da ayari ke kawo mana. Ma'anar wannan gare mu ita ce, ciko ba canji ba ne. In rana ta shanye ruwan tankinka, ka ƙara wani a kai, to amoniya da kanwa da duk dattin jiya suna nan, sai ma ƙara kauri da suke yi. Ina maimaitawa: ciko ba canji ba ne. Sai an fitar da tsoho. Don wannan cikon kuma masu kifin teku sukan sa makunni mai ƙwallo da ke iyo a kan ruwa, in ruwa ya sauka ya buɗe da kansa, in ya hau ya rufe. Dabara ce da ƴaƴan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, suka siffanta irinta a Bagadaza cikin Kitabul Hiyal a wajajen shekarar 850 ta Miladiyya, inda suka zana kwatarniyoyin da ke cika kansu in an ɗiba.

To, masu sauraro, mun ga na mutane. Kashi na uku, mu komo gida.

Abu na farko, a ƙidaya ruwa kafin a ƙidaya kifi. Ƙasarmu ba ta yalwar ruwa ba ce. Damina wata uku ce zuwa huɗu, kuma kowa ya san tarihin birnin Damagaram da ƙishirwa: birni ne da ke zaune a kan dutse, ƙarancin ruwansa yana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa suka mai da shi Yamai a 1926, kuma daga baya sai da aka janyo masa ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza. Wanda ke zaune a irin wannan ƙasa, bai kamata ya kwaikwayi mai kiwon kifi na bakin Kwara ido rufe ba. Mu yi lissafi tare. Ka ce kana da tanki mai cin lita 1000. Sa'ad da kifin ke ƙanana, cinsu kaɗan, canza kashi ɗaya cikin biyar bayan kwana ɗaya ko biyu yakan wadatar. Lita 200 ke nan, tano guda, ko bido 8 masu lita 25. Amma in suka girma, suna cinye kilo guda na abinci a yini, to za ka iske kana bukatar canza rabin ruwan ko fiye, kullum ta Allah. Lita 500, bido 20. Lita guda kuwa nauyinta kilo guda ne. In da bokiti kake kwashewa, da bokiti kake zubawa, ka ɗaga tan guda ke nan a yini, kai ko uwargida ko yaran gida. Wa zai dawwama a kan haka wata biyar ko shida? Ranar farko za a yi da marmari. Mako na uku sai a ce a bari sai gobe. Don haka in rijiyarka ko aljihunka ba za su iya ba da wannan ruwa ba, ka rage yawan kifin tun farko. Kifi 40 da suka ƙoshi sun fi 100 da suka tsumbure, a kan sikeli da kuma a wurin Allah.

Abu na biyu, kuma shi ne zuciyar shirinmu na yau: ka bar ruwa ya tafi da nauyinsa. Ruwa ba ya bukatar a ɗauke shi in an ba shi gangare. A jera abubuwa uku kamar matakala. Tanon sabon ruwa a sama, bisa dakali. Tankin kifi a tsakiya. Garka ko ramin zuba ruwa a ƙasa. Sama, tsakiya, ƙasa. In aka yi haka, ɗagawa sau ɗaya ce tak, wato cika tanon sama, sauran aikin duk na makunni ne. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haƙa rami a gina tanki a cikinsa don neman sauƙin gini, alhali ruwan da ke ƙasa da tsakar gida ba shi da hanyar fita sai a hannu ko da inji.

Malam magini, wannan naka ne. In za ka zuba daɓen tankin, kada ka yi shi shimfiɗe. Ka karkata shi zuwa kusurwa guda, ko zuwa tsakiya, kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace mita, domin kashin kifi da ragowar abinci su gangara su taru wuri ɗaya. A daidai wurin nan ka binne bututun roba mai faɗi, kada ya gaza milimita 50, don ƙarami toshewa yake yi. A bakinsa na ciki a sa raga, saboda kada kifi ya bi. A bakinsa na waje kuwa a sa gwiwa, a soka mata wani bututu a tsaye, tsawonsa daidai da inda ake son ruwa ya tsaya. Gwiwar nan kada a manne ta da gam. A bar ta ta kama tsam amma tana juyawa. Muddin bututun yana tsaye, ruwa yana nan. Ka karkata shi har bakinsa ya sauko rabin tsayinsa, rabin ruwa ya fita ya tsaya da kansa. Ka kwantar da shi ƙasa, tanki ya tsiyaye duka. Ga kuma babbar fa'idarsa: ruwan da ke fita na ƙasa ne, mai dattin, ba na sama ba. Mai kwasa da bokiti kuwa, ruwan sama mai dama-dama yake zubarwa, ya bar gubar kwance a gindi, ya kuma firgita kifin har su yi ta karo suna ji wa juna rauni da ƙayarsu. In tankin sabo ne, a cika shi a jiƙa, a zubar, a sake, har mako biyu ko fiye kafin a sa kifi, domin sabon siminti yana sakin wani kaifi irin na toka da ke ƙona fatar kifi.

Wanda ya riga ya gina nasa babu mafita fa? Kada ya karaya. Kun sha ganin masu sayar da fetur a bakin hanyar da ta tashi daga Takieta ta nufi Matamaye da Daura, yadda suke janyo mai daga babbar jarka zuwa ƙarama da guntun tiyo, ba inji ba komai. Sharaɗin guda ne: bakin da ruwa ke fita ya kasance ƙasa da saman ruwan da ke cikin tanki. Amma kada ku zuƙa da baki yadda suke yi, wannan ruwa ba na shiga ciki ba ne. Ku nutsa tiyon duka a ruwa har iskar cikinsa ta fita, ku toshe baki ɗaya da babban yatsa, ku fito da shi ku saukar ƙasa, ku saki. Ɗaya bakin kuma ku ɗaure shi a jikin sanda, ku riƙa bin gindin tanki da shi a hankali kuna tsotse dattin. Ku kuma ɗauki dabarar layi biyu: ku ja alama a bangon tanki, ta sama da ta ƙasa, yadda ko yaro aka aika ya san inda zai tsaya.

Sai sabon ruwan kansa. Kada a zuba shi kai tsaye daga famfo, domin ana sa masa kulorin, wato maganin nan mai warin jabel da ke kashe ƙwayoyin cuta. Rahama ne ga ɗan Adam, amma yana ƙona matsatsin kifi. A tara shi a tano buɗe, ya kwana ya yini, warin ya fita. Ruwan rijiya mai zurfi shi ma yana son ya sha iska, don daga ƙarƙashin ƙasa yake zuwa da ƙarancin oksijin. In za a zuba, a bar shi ya faɗo daga sama yana watsuwa. Tanon kuma ya zauna a inuwa ɗaya da tankin, don ɗuminsu ya zo daidai. Ka sa hannunka a wannan, ka sa a wancan. In ka ji bambanci a fili, ka dakata. Da bazara a yi canji da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Da hunturu kuwa, lokacin da ruwan da ya kwana a waje ke yin sanyi ƙarara, a jira hantsi ya ɗaga. Kuma a yi canji kafin a ba da abinci, kada a yi shi a kan cikakken ciki. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko man inji, kada a kusanto da shi, komai wankin da aka yi masa. Sabulu da omo ma haka.

Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa sau ɗaya. Wanda ya bar ruwa mako guda, sa'an nan ya zubar da shi duka ya kankare tanki ya cika da sabo, ya azabtar da kifinsa sau biyu, da dattin da kuma girgizar sauyin.

Kashi na huɗu gajere ne. Wani zai ce, shin mu ma za mu iya yin matarar ƙasa? Ana iyawa. Tano biyu a gefen tanki sun isa: na farko ruwa ya shiga ya lafa, datti ya kwanta a gindi inda aka sa makunnin zubarwa, na biyu a cika shi da tsakuwa wankakkiya ko murafun robobi, inda bakteriyar nan masu cin amoniya za su zauna, sai ɗan inji mai aiki da hasken rana ya mai da ruwan wurin kifi. Wannan yana rage ruwan da ake zubarwa ƙwarai, abin da ke da daraja a ƙasa irin tamu. Sai dai ƙwayoyin nan suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, ba a wanke mazauninsu sai da ruwan tankin kansa, kuma in inji ya tsaya sa'o'i masu yawa sukan fara mutuwa. A ganina, wanda bai riga ya mallaki gangare da gwiwa ba, kada ya fara da inji. Gangare ba ya lalacewa, ba ya kuma jiran wuta.

Saura magana guda, ita ce inda ruwan zai tafi. Mai kifin teku dole ya zubar da nasa a magudana, don gishirinsa yana kashe shuka. Namu kuwa taki ne. Amoniyar da ke cutar da tarwada abinci ce ga zogale da kuɓewa da yakuwa da rama, da ɗan itacen lemo ko gwaba da ke tsakar gida. Addininmu ya hana almubazzaranci da ruwa ko ga mai alwala a bakin kogi, balle ga wanda ya saya da kuɗinsa a bido. A ja ƴar hanya daga bakin gwiwa zuwa fangalin garka, a shayar da shi a gindin shuka, kada a watsa a kan ganyen da ake ci ɗanye irin su salati. In an sa wa kifi gishiri ko wani magani a kwanakin, wannan ruwan kada ya shiga garka, a ba shi ramin kansa. Kada a sake shi cikin lungu, ya kwanta ya yi wari ya tara sauro a ƙofar maƙwabci, domin haƙƙin maƙwabtaka ya fi ribar kifi nauyi. Kada kuma ramin ya kusanci rijiyar sha. Tanon da ke cike da ruwa a rufe shi da raga ko buhu, iska ta shiga, sauro bai samu wurin ƙwai ba, tankin kuma a yi masa murfin waya mai ƙarfi saboda ƙananan yara masu son leƙe.

Lokacinmu ya cika. A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki maganar abincin kifi da yadda ake auna shi.